Mitar gwajin wuta: yadda za mu zaɓi mai kyau daidai ƙarfin aljihunmu

Wutar lantarki ta shiga kowane lungu na rayuwarmu. A unguwar Zariya ta birnin Maraɗi, da wuya a sami gidan da babu wayar hannu, ko fanka, ko ƙwan fitila. A Tibiri da ƙauyukan kewayenta, farantin sola ya hau rufin ɗakuna. A Jiratawa kuwa, wuta ce ke jawo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa zuwa gonakin zogala da masara. Babur da mota ma da batir suke aiki.

Amma wuta ba a ganinta da ido. Shi ya sa in abu ya lalace sai mu shiga kame-kame. Ɗan kabu-kabu ya ga babur ya ƙi tashi, sai ya sayi sabon batir. Bayan mako biyu sabon ma ya mutu, domin tun farko ba batir ne ke da laifi ba, abin da ke caja shi ne ya lalace. Uwargida ta jefar da dutsen guga, alhali wayarsa ce kawai ta tsinke daga ciki. Wani kuma ya taɓa waya yana zaton babu wuta, sai a kwashe shi zuwa likita.

Akwai ƙaramar na'ura da ke zama ido ga mai gyara. Masu sana'a suna kiranta mita, wasu su ce miltimita. Ba ita ce akwatin nan na NIGELEC mai ƙirga kuɗin wuta ba. Wannan a hannu ake riƙe ta, girmanta kamar na ƙaramar rediyo. A yau za mu ga abin da take aunawa, da irin wadda ta dace da kowa, da yadda za mu gwada ta kafin mu biya kuɗi.

Me mita take aunawa?

Mu ɗauki misalin ruwan ban-ruwa, wanda kowane mai lambu ya sani. Ruwa yana da ƙarfin turi. Yana da yawan da ke wucewa. Akwai kuma abin da ke tare masa hanya, kamar ƙuncin bututu ko yashin da ya toshe shi. Haka wuta take.

1. Bolt shi ne ƙarfin turin wuta. Alamarsa harafin V. Pil ɗin tocila bolt 1.5 ne. Batirin babur da na ƙaramar mota bolt 12 ne. Manyan motocin ɗaukar kaya suna aiki da bolt 24, wato batir biyu a haɗe. Wutar gida bolt 220 ce.

2. Amper shi ne yawan wutar da ke wucewa cikin waya. Alamarsa harafin A.

3. Om shi ne ƙarfin abin da ke tare wa wuta hanya. Alamarsa ta yi kama da ƙwaryar da aka kife, ga ta: Ω.

Waɗannan sunaye na malamai ne uku da suka yi bincike a kan wuta: Volta mutumin Italiya, wanda ya ƙera batir na farko a 1800, da Ampère mutumin Faransa, da Ohm mutumin Jamus. A da, kowane awo da na'urarsa daban. Wani ma'aikacin gidan waya na Ingila mai suna Donald Macadie ya gaji da ɗaukar na'urori da yawa, sai ya haɗa su wuri guda. A 1923 aka fara sayar da irin wannan mita.

Wuta kuma iri biyu ce. Ta batir da ta sola hanya ɗaya take bi, ba ta juyawa. Alamarta a jikin mita harafin V da miƙaƙƙen layi, da ɗige-ɗige a ƙarƙashinsa. Ta NIGELEC da ta janareta kai-da-komo take yi, sau 50 a cikin daƙiƙa ɗaya. Alamarta harafin V da layi mai lanƙwasa kamar tafiyar maciji. Duk mai son aiki da mita, ya fara sanin waɗannan alamomi biyu.

Me ya sa muke bukatarta a nan?

Wutar da ke zuwa Maraɗi daga nesa take tahowa. Babban layi ne ya taso daga Katsina, ya bi ta Gazawa. A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Nijeriya ta yanke wannan wuta, ba ta dawo ba sai a watan Maris na 2024. A tsakanin nan mutane da yawa suka koma ga janareta da sola da batir. Kowane ɗayansu yana da halinsa. Janareta yakan ba da wuta fiye da kima ya ƙone talabijin. Wutar unguwa takan yi rauni da zafin bazara, lokacin da kowa ya kunna fanka, har injin firiji ya kasa tashi ya ƙone. Mita ce za ta faɗa mana gaskiya tun kafin ɓarna ta auku. Rigakafi ya fi magani.

Ƙaramin sukudireba mai fitila, wanda ake kira testa, yana da amfaninsa. Amma iyakarsa ya ce akwai wuta ko babu. Ba ya faɗin yawanta. Cikin hasken rana ma fitilarsa ba ta ganuwa sosai, kuma ba ya jin wutar batirin bolt 12.

Mai allura ko mai lamba?

A kasuwa za mu ga iri biyu. Akwai mai allura, wadda allurarta ke motsi a kan layuka da yawa. Akwai mai lamba, wadda ke rubuta awo a kan gilashi kamar agogon hannu. Ga mai koyo, mai lamba ta fi. Karanta ta ba wuya. In an juya wayoyinta bisa kuskure a kan batir, alamar ragi kawai za ta nuna, ba abin da zai same ta. Mai allura kuwa, in ta faɗi ƙasa allurar takan karkace, daga nan sai ta riƙa yin ƙarya.

Mu kula da ɗigon da ke tsakanin lambobi. In mita ta rubuta 12.6, ma'anarsa sha biyu da ɗan ƙari. In ta rubuta 126, ɗari da ashirin da shida ke nan. Ƙaramin harafin m yana nufin kashi ɗaya cikin dubu. Harafin k yana nufin dubu.

Mai lamba ita ma iri biyu ce. Akwai wadda mutum ke zaɓar mata iyaka da kansa. A kewayen majuyinta za mu ga lambobi kamar 2, 20, 200, 750. Kowace lamba iyaka ce, kamar mudu da tiya da buhu. Ba a zuba hatsin buhu cikin tiya. In za mu auna batirin bolt 12, sai mu juya zuwa 20. In za mu auna wutar gida, sai mu juya zuwa 600 ko 750 a ɓangaren layi mai lanƙwasa, ba 200 ba, domin 220 ta fi 200. In abin da muke aunawa ya wuce iyakar da muka zaɓa, gilashin zai nuna 1 shi kaɗai a gefen hagu, ko haruffan OL. In ba mu san ƙarfin wutar ba, mu fara daga iyaka mafi girma.

Akwai kuma wadda ke zaɓar iyaka da kanta. A jikinta an rubuta AUTO. Ta ɗan fi tsada, amma tana rage kuskure ƙwarai.

Wace mita ta dace da wa?

Masu saye kashi uku ne.

Kashi na farko su ne masu aikin ƙaramar wuta: batirin babur, da pil, da ƙaramin farantin sola, da fitilun caji. Ƙaramar mitar nan mai lamba 830, baƙa ko rawaya, wadda ake ƙerawa a Sin, ta ishe su. Kuɗinta bai kai na batirin babur ɗaya ba. Sai dai kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wayoyinta sirara ne, saurin tsinkewa gare su. Wasu daga cikin irinta ba su da ƙara. Ramin amper 10 nata yawanci babu fiyus. Don haka ba mu ba da shawarar a riƙa sa ta cikin wutar gida ba.

Kashi na biyu su ne masu gyaran gida da mota. Su nemi matsakaiciya, mai rigar roba, mai ƙara, mai fiyus a duk ramukan amper, wadda aka rubuta CAT III 600 V a jikinta. Kamfanoni irin su UNI-T na Sin da Sanwa na Japan suna yin irinta. Ta ninka ƙaramar kuɗi sau da yawa, amma za ta yi shekaru tana aiki. Akwai kuma masu tsada irin na kamfanin Fluke na Amurka, waɗanda kuɗin wasunsu ya kai na rago. Suna da kyau, amma mai gyaran gida ba dole ne ya kai can ba. A yi hattara kuma da jabu masu ɗauke da babban suna da ƙaramin farashi.

Kashi na uku su ne masu kula da famfon ban-ruwa da injin niƙa. Waɗannan injuna da yawa suna aiki da waya uku masu bolt 380 a tsakaninsu. Abin da ya dace da su shi ne mita mai baki kamar awartaki. Ana buɗe bakin a rungumi waya, sai ta faɗi amper ba tare da an yanke wayar ko an taɓa ƙarfenta ba. Waya ɗaya tak ake runguma. In an haɗa biyu, mai kai wuta da mai dawo da ita, mita za ta nuna sifiri. A sani kuma, masu arha cikinsu amper ɗin wutar NIGELEC kawai suke aunawa. Mai son auna amper ɗin mota ko na sola, sai ya tabbata akwai harafin A da miƙaƙƙen layi a jikinta.

Wanda ke yawan aiki da inbata ko ƙaramin janareta, ya nemi mai rubutun True RMS. Wutar inbata mai arha ba ta tafiya sumul kamar ta NIGELEC, kuma mitar da ba ta da wannan rubutu takan yi kuskure wajen auna ta.

In kuɗin mita mai kyau ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai a haɗa hannu. Ƙungiyar manoma, ko ƴan kabu-kabun tasha ɗaya, ko maƙwabta biyar, za su iya tara kuɗi su sayi guda, su damƙa ta ga wanda ya fi sanin aikinta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abubuwan da ke tsare rai

Nan ne ya kamata mu fi buɗe ido, domin araha ba ta ado.

Na farko shi ne rubutun CAT. Wannan rubutu yana nuna inda aka yarda a yi aiki da mitar. A kan layin wuta, wani lokaci ƙarfi yakan yi tsalle farat ɗaya ya kai dubban bolt, musamman da damina in ana tsawa. Mitar da ba a gina ta don haka ba tana iya fashewa a hannu. CAT II ta soket ce da kayan da ake jonawa a cikinsa. CAT III ta akwatin rarraba wuta ce da wayoyin cikin gini da manyan injuna. CAT IV ta inda wuta ke shigowa daga waje ce. Wayoyin mitar su ma su kasance da irin wannan rubutu. Sai dai rubutu ba wuya gare shi ba, wasu suna bugawa ba tare da an gwada ba. Tambarin gidajen gwaji irin su UL ko TÜV ya fi zama shaida. Alamar CE kuwa, mai ƙera kayan ne da kansa ke sa ta.

Na biyu shi ne fiyus, wanda wasu ke ce wa fizibil. Shi ne ɗan bututun da ke ƙonewa don ya ceci sauran. Mai kyau farin jiki gare shi kamar tangaran, cikinsa cike da yashi mai kashe tartsatsi. Na gilashi bai kai shi ba. In an ga rubutun UNFUSED kusa da ramin 10A, ma'anarsa babu fiyus a wannan rami. In fiyus ya ƙone, a sa irinsa daidai. Kada a maye gurbinsa da guntun waya ko takardar sigari mai ƙyalli.

Na uku su ne wayoyin gwaji, ja da baƙa. Su kasance masu kauri da laushi. Kusa da tsinken ƙarfe a sami ɗan tudu mai hana yatsa zamewa. In roba ta tsage har ana ganin jan ƙarfe, a canza wayar. Kada a naɗe ta da leda.

Gwaji bakwai kafin a biya kuɗi

Ko a babbar kasuwar Maraɗi za mu saya, ko mun yi saƙo daga Katsina ko Kano, sai an gwada akan san na ƙwarai. Mu tafi da sabon pil a aljihu. Mu zaga shago biyu ko uku, domin farashi yana hawa da sauka tare da canjin naira.

1. A kunna ta. Lambobi su fito sarai, babu mai gutsure.
2. A juya majuyi. Ya riƙa tsayawa daram a kowane mataki, ba sako-sako ba.
3. A kai majuyi kan alamar ƙara, a haɗa tsinkayen biyu. Ta yi ƙara nan take.
4. A kai kan om mafi ƙanƙanta, a sake haɗa tsinkayen. Ta nuna abin da bai kai 1 ba. A girgiza wayoyin. In lamba na tsalle, akwai tsinkewa daga ciki.
5. A auna sabon pil. Ta nuna 1.5 ko 1.6.
6. A roƙi mai shago ya auna wutar soket da ita, ya sake aunawa da wata mitar. Kada bambancin ya yi yawa.
7. A tambayi irin batirin da take ci da irin fiyus ɗinta. Wasu na cin batir mai kusurwa huɗu na bolt 9. Wasu na cin ƙananan pil irin na rimot, waɗanda suka fi sauƙin samu a ƙauye.

Yadda ake gwada batirin babur da mota

Baƙar waya kullum a ramin da aka rubuta COM take zama. Jar waya a ramin da ke da harafin V. A kashe inji, a bar batir ya huta sa'o'i kaɗan. A juya majuyi zuwa 20 a ɓangaren miƙaƙƙen layi. Jan tsinke a kan batir mai alamar tarawa, baƙi a kan mai alamar ragi.

In ta nuna 12.6 ko 12.7, batir cike yake.
In ta nuna 12.4, ya ɗan ragu.
In ta nuna 12.2, saura rabi.
In ta nuna 12.0 ko ƙasa, yana bukatar caji nan da nan.

Kada mu tsaya nan. Batir yakan nuna lamba mai kyau amma ya kasa ɗaukar kaya. A bar tsinkayen a kai, wani ya murza makulli. Lamba za ta sauka, wannan ba laifi ba ne. Amma in batirin da aka cika da caji ya faɗi ƙasa da 9.6, ƙarfinsa ya ƙare.

In inji ya tashi, a ɗan ba shi wuta a sake dubawa. Ya kamata a ga tsakanin 13.8 da 14.5. In lamba ta tsaya wajen 12, ba a caja batirin. Laifin na altaneta ne, ko bel ɗinta, ko regilata, ko wata waya. Sayen sabon batir a nan asarar kuɗi ce. In kuma lamba ta haura 15, caji ya yi yawa, zai dafa batir ya ƙone ƙwayayen fitila.

Sau da yawa ma ciwon bai kai haka ba. Farin gari ne ya taru a kan batir, ko wayar da aka ɗaure a jikin mota ta yi sako-sako. A kankare, a ɗaure, sai mota ta tashi.

Fiyus, waya da dutsen guga

Ga doka wadda ba ta da togiya: ba a auna om ko ƙara a kan abin da ke da wuta. A cire shi daga soket tukuna.

Don gwada fiyus, a zare shi, a ɗora tsinke ɗaya a kowane gefe. In mita ta yi ƙara, lafiyarsa lau. In ta yi shiru, ya ƙone. Haka ake gwada doguwar wayar jona wuta: tsinke ɗaya a wannan baki, ɗaya a wancan.

Dutsen guga na wat 1000, in an kunna majuyinsa aka auna tsakanin ƙafafun filoginsa biyu, zai nuna kusan om 48. In ya nuna OL, hanya ta yanke, kuma sau da yawa a wayar ne, kusa da inda take lanƙwasa. Sannan a ɗora tsinke ɗaya a ƙafar da ke kai wuta, ɗaya a ƙarfen jikin dutsen. A nan shiru ake so. In mita ta yi ƙara, wuta na zuba a jikinsa. Kada kowa ya sake guga da shi sai an gyara. Wannan gwaji ya dace da firiji da fanka mai jikin ƙarfe, waɗanda yara ke taɓawa ba takalmi.

Wutar gida, sola da famfo

A soket, mita ta nuna kusa da 220. In ta sauka ƙasa da 200, ko ta haura 240, a cire firiji da talabijin har wuta ta daidaita. Haka kuma a auna janareta kafin a jona masa kaya.

Farantin sola da ake kira na bolt 12, in an cire wayoyinsa aka auna shi da tsakar rana, yakan nuna tsakanin 20 da 22. Saboda haka a juya majuyi zuwa 200, ba 20 ba. A bayan faranti akwai takarda mai nuna lambar da ya kamata ya bayar, kusa da haruffan Voc. A gwada da ita kafin a sayi faranti na hannu. Amma farantai da yawa da aka jera don famfo suna tara ɗaruruwan bolt ko da wutar gari ta ɗauke. Suna kisa kamar wutar NIGELEC.

A kan famfo mai waya uku, mai gyara zai auna amper ɗin kowace waya da mita mai baki. Ya kamata ukun su yi kusa da juna, kada kuma su wuce lambar da aka buga a jikin injin. In waya ɗaya ta rasa wuta injin na ta gurnani, a kashe shi nan take, in ba haka ba zai ƙone. Injin da ya ƙone a tsakiyar rani, shuka ce za ta biya bashinsa.

Babban kuskuren da ke ƙona mita da hannu

Shi ne barin jar waya a ramin 10A, sannan a cusa tsinkaye cikin soket ko a ɗora su a kan batir. A wannan hali mita ta zama tamkar guntun waya da aka haɗa baki biyu da shi. Tartsatsi zai tashi, wayoyi su narke, fuska da hannu su ƙone. Ba a tambayar soket ko batir amper nawa gare shi ta wannan hanya. Mu mayar da shi al'ada: da an gama auna amper, jar waya ta koma ramin V. Kafin kowane awo kuma, a dubi rami, a dubi majuyi.

Lafiyarmu ta fi kayanmu

Wutar da ke kisa ba ta da yawa. Amper ɗaya miliamper 1000 ne. Wajen miliamper 10 zuwa 15 sun isa su ƙanƙame hannu har mutum ya kasa sakin waya. Wajen miliamper 50, in sun ratsa ƙirji, suna iya rikita bugun zuciya. Wannan kusan abin da ƙwan fitila na wat 10 ke ja ne. Busasshiyar fata tana ɗan tare wuta, amma jiƙaƙƙiya ba ta tarewa. Shi ya sa haɗari ya fi yawa da damina, da cikin lambu, da lokacin da gumi ke zuba.

Don haka:

A sa takalmin roba busasshe, a tsaya a busasshen wuri.
Yatsu su tsaya bayan tudun tsinke.
Kafin a yarda cewa waya ba ta da wuta, a fara gwada mitar a inda aka san akwai wuta.
A cire zobe da agogon ƙarfe kafin a taɓa batirin mota.
Kada a sha taba kusa da batirin da ake caji, domin yana fitar da iska mai kama wuta.
Kada a sa mita a wayar fulogi. Dubban bolt ne a cikinta.
Kada a kusanci taransifoma, ko wayoyin kan turaku, ko cikin akwatin NIGELEC. Wannan aikin ma'aikatansu ne.

In wuta ta kama mutum, kada a taɓa shi da hannu. A kashe wutar daga babban makunni. In ba hali, a ture wayar da busasshiyar sanda. A duba numfashinsa. In ba ya numfashi, a aika neman taimako, a shiga danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya. Kada a ɓata lokaci wajen ɗura masa madara ko rufe shi da ƙasa. Ko da ya tashi ya ce lafiyarsa lau, a kai shi likita, domin wuta takan yi ɓarna daga ciki.

In ruwan batir ya shiga ido, a wanke da ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15, sannan a tafi likita. Mataccen batir kuma kada a fasa shi a tsakar gida. Dalmar da ke cikinsa guba ce mai lalata ƙwaƙwalwar yara. Tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, yara 18 suka mutu a wata unguwa kusa da Dakar ta ƙasar Senegal, inda ake fasa tsoffin batura ana cire dalma. A mayar da tsohon batir ga masu saye, a kuma wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi.

Yadda za mu adana ta

A watannin Afrilu da Mayu zafin Maraɗi yakan wuce digiri 40. Kada a bar mita a gaban mota ko a kan sirdin babur cikin rana, gilashinta zai yi baƙi. Da hunturu a sa ta cikin jaka saboda ƙura. A kashe ta bayan aiki. In hoton ƙaramin batir ya fito a gilashi, a canza mata batir, domin mita mai yunwa ƙarya take yi. In za ta daɗe a ajiye, a cire batirin kada ya zuba a ciki. A ɗaga ta daga inda yara ke kaiwa.

Abin da za mu riƙe

Mai aikin bolt 12 kawai, ƙaramar mita ta ishe shi. Mai taɓa wutar gida, ya ƙara kuɗi ya sayi mai fiyus da CAT III. Mai kula da famfo, ya nemi mai baki, ko da ta haɗin gwiwa ce. Kowa ya fara koyo da pil da batirin babur, inda kuskure ba ya kisa. Ranar da za a fara auna soket, a nemi ƙwararren mai aikin wuta ya tsaya a kusa. Mita tana nuna inda ciwo yake, amma ba kowane ciwo ne na magani a gida ba. In aiki ya fi ƙarfinmu, mu kira mai sana'a. Da lambar da muka karanta a hannu, za mu san abin da za mu faɗa masa, mu kuma san abin da muke biya.